Kansar ƙasan maƙogwaro: me ake cirewa a tiyata, me ke saura?

Ina ne ake kira ƙasan maƙogwaro?

Shi ne ɓangaren da ke bayan akwatin murya da gefensa biyu, daidai inda hanyar abinci take rabuwa da ta numfashi. A kowane gefe akwai ɗan lungu, kuma a nan ne yawancin wannan kansar take farawa. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo ta, musamman idan an haɗa su.

Me ya sa ake yawan gano ta a makare?

Saboda wurin yana da fili, ƙarin zai yi ta girma bai toshe komai ba. Da farko mutum zai ji kamar wani abu ya maƙale masa, sai zafi wajen haɗiya, sai ciwon kunne a gefe ɗaya alhali kunnen lafiyarsa lau. Wasu ma kumburin kaluluwa a wuya ne yake fara kai su asibiti, wato ciwon ya riga ya bazu. Dishewar murya kan zo daga baya. A wajenmu kuma akwai ƙarin jinkiri: a ce beli ne, a je wurin wanzami, a sha jiƙe-jiƙe. Duk zafin haɗiyar da ya wuce mako 3 bai lafa ba, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya leƙa.

Dole ne a cire akwatin murya?

Ba dole ba ne. Idan ƙarin ƙarami ne, ana bi ta baki a yanke shi da hasken leza, ba a tsaga wuya don shi ba, murya kuma ta tsira. Akwai kuma hanyar haɗa allurar maganin kansar da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura. Wani babban bincike na ƙasashen Turai da aka wallafa a 1996 ya nuna cewa ga wasu marasa lafiya, fara wa da allura sannan gashi bai rage musu tsawon rai ba idan aka kwatanta da tiyata, kuma wasunsu sun tsira da muryarsu.

Amma idan ciwon ya ci guringuntsin akwatin muryar, ko haɗiya ta lalace har abinci yana faɗawa huhu, ko ya dawo bayan gashi, to sai babbar tiyata. A ganina, riƙe akwatin muryar da ba ya iya kare huhu ba riba ba ce.

Yaya babbar tiyatar take?

Ana cire akwatin murya gaba ɗaya, da ɓangaren maƙogwaron da ya kamu, da ƙwayoyin kaluluwar wuya, sau da yawa gefe biyu. Wani lokaci har da wani sashe na gaɓar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, shi ya sa ake bibiyar sinadarinta da na kalsiyam a jini bayan aiki. Cire akwatin murya ba sabon abu ba ne, likitan tiyata Theodor Billroth ya fara yin sa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya tun 1873. Abin da ya ci gaba sosai shi ne gyaran giɓin.

Dole a sake gina hanyar abinci. Likita zai iya juyo tsokar ƙirji tare da fatarta zuwa wuya. Zai iya ɗauko fatar hannu ko ta cinya ya naɗe ta kamar bututu, ko ya yanko guntun ƙaramin hanji, ya ɗinke jijiyoyin jininsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan ciwon ya gangara can ƙasa, tumbin ake jawowa sama a haɗa.

Mutum zai sake cin abinci da magana?

Abinci, yawanci e. Kwanakin farko ta robar hanci ake ciyarwa, sai an tabbatar ɗinkin ba ya yoyo sannan a fara da ruwa-ruwa, kamar kunu. Matsalar da aka fi tsoro ita ce yawu ya sami kafa ya riƙa fitowa ta fatar wuya, kuma ta fi samun wanda aka taɓa yi wa gashi. Galibi akwai gashi bayan tiyata, kwana 5 a mako har kusan mako 6.

Muryar da aka sani ba ta dawowa, amma magana tana yiwuwa. Ana sa wani ɗan bawul tsakanin hanyar iska da ta abinci. Mutum ya sa yatsa ya toshe ramin da aka buɗe masa a wuya don numfashi, iska ta bi ta bawul ɗin, sauti ya fito, mai kauri amma ana ganewa. Akwai kuma na'ura mai batir da ake dafawa a wuya.

Ramin wuyan fa, na ɗan lokaci ne?

Idan an cire akwatin murya duka, na har abada ne, ta nan kaɗai iska ke shiga. Hanci ya daina tace ƙura da jiƙa iska, jin ƙamshi ma ya ragu. Da hunturu majina kan bushe ta yi ɓawo a ramin, don haka ake rufe shi da ƙyalle mai tsabta ko matatar da aka yi dominsa. Wajen wanka a kare shi kada ruwa ya shiga, iyo kuwa an bar shi. 'Yan gida su san cewa idan numfashin mara lafiyan ya tsaya, ta wuya ake ba shi iska, ba ta baki ba.