Cibiyoyin nazarin manufofi: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

Mene ne aikinsu?

Su yi bincike, su rubuta, su miƙa wa masu mulki shawara. Shi ke nan.

To, jam'iyya ce?

A'a, ba sa tsayar da ɗan takara. Amma wanda ya ce maka ba su da ɓangare, ya ruɗe ka. A Amurka, Heritage Foundation da aka kafa a 1973 ita ta bai wa gwamnatin Reagan, ɗan jam'iyyar Republican, kundin shawarwari a 1981. Center for American Progress kuwa, John Podesta ne ya kafa ta a 2003, mutumin da ya yi shugaban ma'aikatan fadar Clinton, ɗan jam'iyyar Democrat.

Me ya sa suke haɗa gyaran dimokuraɗiyya da tattalin arziki?

Ciki. Wanda bai san abin da zai ci gobe ba, ƙuri'arsa ba ta da tsada.

Na ga rahotanni biyu kan mafi ƙarancin albashi, kowanne da nasa. Wanne zan ɗauka?

Yauwa, wannan ce tambaya. Ka fara duba wa ke biyan kuɗin, ko da yake ba kullum za ka gano ba, domin dokar Amurka ba ta tilasta wa irin waɗannan cibiyoyi bayyana wa jama'a sunayen masu ba su gudummawa ba. A can akwai cibiyoyi biyu da ake taƙaita sunansu da EPI. Economic Policy Institute tana samun wani kaso na kuɗinta daga ƙungiyoyin ƙwadago, ta ce a ƙara albashi. Employment Policies Institute tana da alaƙa da Richard Berman, mai kare muradun masu gidajen abinci, ta ce ƙarin zai kashe ayyuka. Sai dai kada ka yi sauri, kuɗin wani bai mayar da lissafi ƙarya ba. Wataƙila dukansu sun yi gaskiya a kan abin da suka auna, ɗaya matasa ya duba, ɗaya magidanta. Ka tsallake shafin farko, ka je inda suka bayyana yadda suka tara alƙaluman, da shekarun da suka zaɓa, da waɗanda suka tsallake. In babu wannan shafin, ajiye rahoton. In ka karanta ka rikice, kwantar da hankalinka, masanan ma ba su gama gardamar ba.

Me ya sa a wasu tarurrukansu ba a faɗin wanda ya yi magana?

Ƙa'idar Chatham House ce, wata cibiyar nazarin manufofi da ke Landan, tun 1927. Ka ɗauki zancen, ka bar sunan. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga.