Faɗin ginshiƙai a jadawalin bayanai mai shafuka

Faɗin ginshiƙai shi ne filin da ake ware wa kowane layin tsaye a jadawalin da ke fitowa a allon kwamfuta ko na salula. Batun yana ƙara nauyi idan bayanai sun yi yawa har aka raba su shafi-shafi, misali jeri 25 ko 50 a kowane shafi, kamar rajistar ɗalibai, lissafin albashi ko jerin kayan shago.

Asalin matsalar

Jadawali ya shiga ƙa'idar HTML 3.2, wato harshen gina shafukan intanet, a 1997, sannan CSS 2 ta 1998, mai tsara kamannin shafukan, ta kawo hanyoyi biyu na raba faɗi ƙarƙashin umarnin table-layout. A hanyar auto, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana duba abin da ke cikin kowane gurbi, sai ta ba ginshiƙi faɗi daidai da abin da ya fi tsawo a cikinsa. A hanyar fixed kuwa, faɗin yana fitowa ne daga abin da mai ginin shafin ya ƙayyade, ko daga jerin farko, ba tare da kallon sauran ba.

Hanyar auto ce burauza ke bi idan ba a faɗa mata komai ba, kuma tana aiki lafiya a jadawali mai shafi ɗaya. Amma jadawali mai shafuka ba ya nuna wa burauza komai sai jerin da ke gabanta. A ɗauki rajista ta jihar Damagaram mai ginshiƙin gunduma. Idan shafin farko duk mutanen Gouré ne, haruffa biyar sun isa. Shafi na biyu ya kawo Damagaram Takaya, haruffa 16 har da tazarar tsakiya, sai ginshiƙin ya buɗe, ya tura na kusa da shi gefe. Sakataren da idonsa ya saba da inda lambar waya take dole ya sake nemanta a kowane shafi, kuma a nan ake karanta adadin wani a jerin wani.

Yadda ake ƙayyade faɗi

Abin da ya fi dacewa shi ne a auna faɗi daga irin bayanin da ginshiƙi zai ɗauka a dukan rajistar, ba daga shafin da ake kallo ba. Wasu bayanan tsawonsu ba ya canzawa: lambar waya a Nijar alƙaluma takwas ce, kwanan wata irin 03/08/1960 haruffa goma ne. Irin waɗannan ana ba su faɗi tsayayye, sau da yawa da ma'aunin ch, wanda yake daidai da faɗin sifili a salon rubutun da aka zaɓa.

Ginshiƙin kuɗi yana da nasa sharaɗi. A kasuwa ana lissafi da dala da jika, amma takardar ofis tana rubuta sefa da tsarin Faransanci, wato tazara tsakanin dubbai: 1 250 000. Tazarar nan dole ta zama wadda ba ta karyewa, in ba haka ba ginshiƙi ƙarami zai sauko da 000 ƙasa, adadi ɗaya ya zama biyu. Ana jera alƙaluma ta dama, da salon da kowane alƙalami ke da faɗi ɗaya, domin ɗaruruwa su zauna ƙarƙashin ɗaruruwa.

Filin da ya rage a kan bar wa suna, domin shi ne ba a san iyakarsa ba. Rubutun Faransanci yana ƙara masa tsawo, Mahamadu ya koma Mahamadou, ga kuma sunan uba, wani lokaci har na kaka. Idan wuri ya ƙare, ko a naɗe sunan zuwa layi na biyu, ko a yanke shi a sa ɗigo uku. Yankewa tana da haɗari a inda sunan farko ke yawan maimaituwa, don abin da ke bambanta mutum biyu a ƙarshe yake. Adadi kuwa ba a yanke shi sam. Shi ya sa manhajar lissafi ta Excel ke cika gurbi da alamar # idan lamba ta fi faɗinsa.

Haruffa masu ƙugiya da salula

Idan salon rubutu ba shi da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, burauza tana aro su daga wani salon, kuma faɗinsu na iya bambanta da awon da aka yi. Allon salula da yawa bai wuce fiksel (ƙananan ɗigon allo) 360 zuwa 400 a faɗi a ma'aunin CSS ba, don haka jadawali mai ginshiƙai takwas ba ya shiga. A nan a kan kafe ginshiƙin suna a hagu, sauran su riƙa zamewa da yatsa, ko a ɓoye waɗanda ba a cika duba su ba har sai an taɓa jerin.