Me ake nufi da "bincike tare da al'umma"?

Duk mai karanta rahotannin ƙungiyoyin agaji ko takardun neman tallafi ya sha cin karo da wannan furuci. Ana yawan faɗarsa, amma ba kowa ke nufin abu ɗaya da shi ba.

A binciken da aka saba, masani ne ke zuwa da tambayoyinsa a rubuce, ya cike takardu, ya kama gabansa. Waɗanda ya yi wa tambayoyin ba sa sake jin ɗuriyarsa, balle su san abin da ya gano. A bincike tare da al'umma kuwa, mutanen da matsalar ta shafa suna cikin masu yanke abin da za a bincika. Da su ake tattara bayanai, da su ake zama a fitar da ma'anarsu, kuma sakamakon nasu ne, su yi aiki da shi. Hujjar ba ɓoyayya ba ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tunanin ya daɗe. A 1946 Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da ya baro Jamus ya koma Amurka, ya yi rubutu kan binciken da ake haɗawa da aiki: a gwada, a duba, a gyara, a sake gwadawa. Paulo Freire, masanin harkar ilimi na Barazil, ya nuna cewa talakan da bai iya karatu ba yana iya nazarin halin da yake ciki. Orlando Fals Borda, masanin zamantakewa, ya yi irin wannan aiki da manoman Kolombiya, kuma a ƙasarsa, a birnin Cartagena, masu wannan ra'ayi suka yi babban taronsu a 1977.

Abin da ya faru a Flint, a jihar Michigan ta Amurka, ya isa misali. A 2014 hukuma ta sauya inda garin ke ɗibar ruwan sha. Mutane suka yi ta kukan launi da warin ruwan, jami'ai na cewa lafiya lau. A 2015 mazauna garin suka haɗa kai da masanan jami'ar Virginia Tech, suka bi gida-gida suna ɗibar ruwa a kwalabe. Gwaji ya nuna gubar dalma mai yawa. Masanan ke da ɗakin gwaji, amma mazaunan ne suka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma su ne suka ƙi yin shiru.

Tantance amfanin shiri ɗan'uwan irin wannan bincike ne. Idan an kashe kuɗi a kan wani aiki, sai a tambaya: ya yi amfani kuwa? A nan ake yawan zamewa. Ƙirga mutum nawa suka halarci horo abu ne mai sauƙi, shi ya sa rahotanni suka cika da shi. Amma halartar horo daban, sauyin rayuwa daban. Idan aka bar mahalartan su faɗi abin da suke ɗauka nasara, sau da yawa ma'auninsu ba ya kama da na mai ba da kuɗi.

Sai dai furucin ya yi araha. Wasu kan kira taro ɗaya, a ɗauki hoto, a rubuta cewa al'umma ta shiga. Wannan ba shiga ba ce, kallo ne. Kuma ita al'ummar ba baki ɗaya gare ta ba. Idan masu faɗa-a-ji kaɗai aka saurara, mata da matasa da masu naƙasa sun tashi a tutar babu. Ga cin lokaci, abin da masu tallafi ba su cika haƙuri da shi ba. Ni dai idan aka ce min an yi bincike tare da jama'a, abin da nake fara tambaya shi ne wa ya zaɓi tambayar, kuma a hannun wa bayanan suke yanzu.