Waiwaye: Bakassi da zaman da aka yi a Kano a 1974

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Sabon Gari ya san ƙamshin busasshen jatan lande. Daga gaɓar teku ake kawo shi, daga irin ruwayen da masuntan Efik, Ibibio da Oron suka gaji kamun kifi a cikinsu kaka da kakanni. Tsibirin Bakassi na daga cikin wuraren nan. Mu nan Kano nesa muke da teku, shi ya sa da yawa ke ɗaukar rikicin da Najeriya da Kamaru suka yi a kansa a matsayin matsalar mutanen Kalaba. Amma sunan Kano na cikin takardun shari'ar da aka yi a Kotun Duniya, kuma Kanawa biyu sun taka rawa a labarin.

Tushen abin yana hannun Turawa. A 1884 Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan tsohuwar Kalaba. Sai ranar 11 ga Maris 1913 ta zauna da Jamus, wadda ke mulkin Kamaru, suka shata iyaka, Bakassi ya faɗa ɓangaren Jamus. Ba a tambayi masunci ko ɗaya ba. Da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka bai wa Birtaniya riƙon amanar wani yanki na Kamaru har da Bakassi, ta haɗa shi da Najeriya wajen gudanarwa. Daga nan iyakar ta ɓace a idon talaka, amma a takarda tana nan daram. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, Arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya, ya zama lardin Sardauna, Kudancin kuma, inda taswira ta sa Bakassi, ya koma Kamaru.

Mai ne ya tayar da maganar daga barci. Dalili kuwa, wanda ke da gaɓa shi ke da ruwan da ke gabanta da abin da ke ƙarƙashinsa. Dokar teku ta 1982 ta ƙara fito da wannan fili: mil 12 daga gaɓa mallakin ƙasa ne, har zuwa mil 200 kuma kifi da mai da iskar gas nata ne. Fadamar da a da ba mai waiwayarta sai ta zama ƙofar arziki.

Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru sun yi ta zama kan iyakar ruwan. Sun sa hannu a Yawunde a 1971. Sannan suka haɗu a nan Kano, inda a ranar 1 ga Satumba 1974 suka amince a keɓe wani zirin ruwa mai faɗin kilomita 4 a mashigin Kalaba, kowa ya ɗauke hannu daga neman mai a ciki. A ganina wannan shi ne zama mafi hikima da aka yi a duk tsawon rikicin, domin ya nuna za a iya ajiye gardamar mallaka a gefe a kare zaman lafiya. Sai dai ranar 1 ga Yuni 1975 suka sake sa hannu a Marwa kan layin da ya bar ruwan Bakassi a ɓangaren Kamaru. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon, Murtala Muhammad ya hau. An daɗe ana cewa Gowon tukwici ya bai wa Ahidjo saboda goyon bayan da ya ba Najeriya a yaƙin basasa, shi kuma ya sha musanta hakan.

Jini ya zuba a Mayun 1981, lokacin Shagari, da aka kashe sojojin Najeriya biyar a yankin. A ƙarshen 1993 Janar Sani Abacha ya tura sojoji, Kamaru kuma ta garzaya Kotun Duniya da ke Hague a Maris 1994. Shari'a na gudana, gwamnatin Abacha ta ƙirƙiri ƙaramar hukumar Bakassi a 1996.

Hujjar Najeriya mai shiga rai ce. Ta ce mutanen wurin nata ne, ita ke karɓar haraji, ita ta gina makarantu da asibitoci. Birtaniya ba ta da ikon kyautar da ƙasar da aka ba ta kariyarta kawai. Yarjejeniyar Marwa kuma Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta taɓa tabbatar da ita ba. Kotu ta saurara, amma ranar 10 ga Oktoba 2002 alƙalai 14 suka bai wa Kamaru gaskiya, biyu suka saɓa. Sun ce zama a wuri ba ya rushe takarda, kuma sa hannun shugaban ƙasa yana ɗaure ƙasarsa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka buga wa hatimi. Ni na fi ganin ba a Hague muka rasa Bakassi ba, tun a teburin da muka zauna da kanmu ne.

Hukuncin bai tsaya a teku ba, kuma nan ne ya taɓa mu kai tsaye. Ya haɗa da Tafkin Chadi, inda a Disambar 2003 aka miƙa Darak da ƙauyuka sama da 30 ga Kamaru. Masunta da 'yan kasuwar kifi ne a can, cikinsu har da Hausawa masu yawa, waɗanda suka bi ruwa yayin da tafkin ke ja da baya, suka kafa gari a inda taswira ta ce ba Najeriya ba ce.

Obasanjo da Paul Biya sun sa hannu a Greentree, Amurka, ranar 12 ga Yuni 2006 a gaban Kofi Annan. Majalisar Dattawa ta yi ƙorafi a 2007 cewa ba a bi tsarin mulki ba, amma gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008. Ban ga laifin kauce wa yaƙi ba. Dubi Tekun Kudancin China, inda aka yanke hukunci a 2016 da ya bai wa Filifin gaskiya, China ta yi watsi da shi, har yau jiragen ruwa na gogayya. Najeriya ta bi doka, kuma ta cancanci yabo.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen. Waɗanda suka zauna sun wayi gari baƙi a gidajen iyayensu. Waɗanda suka taso aka tsugunar da su a wajen Ikang da Akpabuyo sun shafe shekaru suna kukan rashin matsuguni na kirki. Jihar Kuros Riba ma, wadda Bakassi ke cikinta a da, ta rasa matsayinta na mai gaɓar teku, har a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76.

Alhali akwai wata hanya, kuma mun san ta. A 2001, ana tsakiyar shari'ar nan, Najeriya da Sao Tome suka ajiye gardamar iyakarsu ta teku, suka ware yankin haƙar mai na haɗin gwiwa, kashi 60 namu, 40 nasu. Tunani ne mai kama da wanda aka fara a Kano shekara 27 kafin nan, sai dai Bakassi bai samu rabonsa ba.