Sassabin zamani: ma'anarsa, da maganar wa ke da iccen

Duk manomin jahar Tawa ya san sassabe. Aiki ne na ƙarshen rani, wajen watan huɗu zuwa na biyar, sa'ad da ake shiga gona da adda da gatari a sare duk abin da ya toho tun bayan girbi, a tara, a cinna wuta, gona ta fito fes tana jiran ruwan shuka. Sassabin zamani kuwa, wanda ake yawan ambata a rediyo da tarurrukan malaman gona, shi ne a yi wannan aikin amma kada a share komai da komai. Manomi ya zaɓi wasu kututtura da ke tohowa da kansu, ya gyara su, ya tsare su har su zama itatuwa a tsakiyar hatsinsa. A takardun gwamnati da na ƙungiyoyi za ka ga an rubuta RNA, gajeren sunansa na Faransanci.

Yadda ake yinsa bai da wuya. Ka zo kan kututturen sabara ko kalgo mai toho ashirin ko talatin, ka duba ka ware biyu ko uku, wani lokaci har biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari sai ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu. Ana so adda ta yi kaifi, kuma a sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan da mai shi. Bayan ƴan watanni a dawo a sake ragewa, abin da aka rage kuma shi ne iccen girkin gida. Babu iri da za a saya, babu ban ruwa.

Dalilin da ya sa abin ke ci yana ƙarƙashin ƙasa. Sabarar da aka shekara talatin ana sarewa ba ta mutu ba. Saiwarta na nan, ta yi zurfi, ta kai inda damshi yake, kuma tana da abincin da ta tara. Da an rage mata toho, ƙarfin nan duka sai ya tafi ga biyun ko ukun da aka bari, shi ya sa cikin damana biyu ko uku za ka ga sun wuce tsayin mutum. Dashen da aka reno a leda kuwa sai ya fara neman saiwa tukuna, ga wata takwas babu ruwa, ga awaki, ga gara. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce a Nijar, kuma ban raina ta ba. Amma duk wanda ya koma wurin da aka yi bikin dashe bayan shekara guda ya san nawa ne ke rayuwa.

To in abin mai sauƙi ne haka, me ya sa sai da aka sa masa suna aka yi ta yekuwa? Nan tarihi ya shigo. Dokar gandun daji ta zamanin Faransa, da wadda ta gaje ta a 1974, sun ɗauki manyan itatuwa irin su gawo a matsayin abin da hukuma ke karewa ko da a gonar mutum suke. Ka sare reshe ba takarda, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Manomi ba wawa ba ne: iccen da zai jawo masa tara gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Ga kuma koyarwar wancan lokaci, musamman a ƙasar noman gyaɗa, cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas don garma ta wuce. Har ta kai wanda ya bar sabara a gonarsa ana masa kallon rago. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya, wanda mutanen nan ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a shekarar. Iska ta samu fili, tana binne shuka da rairayi, mutum ya shuka sau biyu ko uku kafin hatsi ya tsaya.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ke mutuwa a yankin Maradi, ya lura cewa ƴan kurmin da ake rainawa a gonaki tohon tsofaffin itatuwa ne. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa rabon cimaka da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da aka daina rabon, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda ba su sare ba suka ga hatsi bai ragu ba, ga icce, ga ganyen dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A wannan shekarar ce kuma aka yi babban taron ƙasa a Maradi kan yaƙi da hamada. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabon Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara da ramukan shuka da a can ake kira zaï. Sai dai bai kamata a ba da labarin kamar daga waje aka kawo mana sanin icce ba. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin Sarki Tanimun kan mai sare gawo, kuma dajin gawon da ya rufe gonakin Magariya da Matamaye da Mirya manoma ne suka rene shi da hannunsu. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam, sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Gawo ya cancanci a ɗan tsaya kansa, don halinsa ya saɓa wa na sauran. Da damana yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Hatsin da ke gindinsa ba ya rasa rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da takin zamani ke bayarwa, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar kashi. Ba sai an kawo malamin gona ba, damin da ake ɗaurewa a gindin gawo shi ke ba da shaida.

A Adar, wato ƙasar Tawa, lamarin ya ɗan bambanta da Maradi. Nan akwai duwatsu da fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta, kuma inda babu kututture babu abin da za a sassabe. Shi ya sa Tawa ta fi sanin aikin gyaran ƙasa: layukan dogon yaro masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da babban aikin Keita da ya soma a 1984 da kuɗin Italiya, inda mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun domin maza sun tafi bida. A 1989 wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga a Burkina, suka dawo suka inganta tassa, wato ramukan da ake haƙawa a fako a zuba taki a shuka. Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne takin nan yana ɗauke da irin gawo da bagaruwa da magarya da ya bi ta cikin dabba. Ya tsiro a ramin tassa ko a ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, in mai gona bai tuge shi wajen noma ba, to ya shiga sassabin zamani ke nan ko bai taɓa jin sunan ba.

Har nan maganar ta mutum ɗaya ce da gonarsa: alkawarin da ya ɗaukar wa kansa cewa bana ba zai sare wannan ba. Amma alkawarin ba ya tsayawa in babu adalci kewaye da shi, kuma a ganina nan ne ainihin ma'anar kalmar take. Ka shekara huɗu kana renon kalgo, wani ya zo da dare da amalanke ya sare ya kai kasuwa, za ka sake? Shi ya sa garuruwa da yawa suka kafa kwamitin tsaro tare da hakimi, da ƙa'idar tara da kowa ya amince da ita. Doka ma ta biyo baya sannu a hankali: ƙa'idojin Kundin Karkara na 1993, wato dokar filaye da albarkatun karkara, sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta tsara wannan aiki ta kuma amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya rena. Abin da ke takarda a Yamai da abin da ke faruwa a bakin gona ba kullum suke zama ɗaya ba, amma aƙalla yanzu manomi na da abin kafa hujja.

Sai maganar mata. Su ne ke tafiya mai nisa neman icce, kuma su suka fi kowa samun sauƙi in icce ya dawo kusa da gari, ga kuka da aduwa da magarya na sayarwa. Amma icce da ya zama na mai gona yana iya zama wanda aka hana wa matar da ba ta da gona, alhali da can dajin kowa ne take shiga ta tsinto. Garin da ya yi tunani yakan bar ƙa'ida cewa busasshen reshe da abin da aka rage wajen gyara ba a hana maƙwabciya. Haka makiyaya. Bafillace ko Buzun da ya saba sassaro ganyen gawo wa dabbobinsa da rani ba ɓarawo ba ne a idonsa, abin da ya tarar ana yi ne, kuma kashin dabbobinsa ne ke kawo iri da taki. Kwamitin da aka kafa ba tare da shi ba, rigima ya kafa. In an zauna da shi aka nuna masa yadda ake rage reshe ba a kashe icce ba, aka kuma bar burtali a buɗe, yawanci ana zaman lafiya.

Mutumin birni ma da hannunsa a ciki, ko da bai taɓa riƙe adda ba. Iccen da motoci ke shigowa da shi Tawa da Yamai daga wani daji ya fito, kuma murhu mai tattalin icce ko tukunyar gas ga mai hali suna rage wa karkara nauyi. Wanda ya ba ƙaninsa ko ɗan ƙodago gonar gado ya noma, shi ma yana iya cewa kada a share ta tas.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Itatuwa na tara tsuntsaye, kuma in an bar su sun yi yawa ba a rage musu rassa, inuwa na danne hatsi. Wasu na barin 20 a hekta, wasu 40, wasu fiye, gwargwadon ƙasar da irin iccen. Sassabin zamani kuma ba ya kawo ruwan sama. Abin da yake yi shi ne, shekarar da damana ba ta yi kyau ba, gida na da icce da ganye da ƴaƴan itatuwa da za a sayar a sayi tiyar hatsi, kamar yadda aka gani a wasu garuruwa lokacin matsalar cimaka ta 2005.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai noma gonar aro ko ta jingina. In ya reni itatuwa, mai gona na iya zargin yana neman kafa hujjar mallaka, ko kuma ya ga gona ta gyaru ya karɓe abinsa. Don haka da yawa cikinsu sun gwammace su share tas kamar da, kuma babu mai ganin laifinsu. Kwamitocin filaye da Kundin Karkara ya tanada, waɗanda ake kira Cofo, tun daga matakin gari, suna rubuta takardar aro da ta jingina. Mai aro da mai gona na iya zuwa gaban hakimi da shaidu kafin sassaben bana, a rubuta shekarun aron, a kuma rubuta wa ke da iccen da za a rena da abin da ya fito daga jikinsa.