Mai olsa, kafin ka sake sayen omeprazole a kemis ka tsaya ka ji wannan

Assalamu alaikum jama'ar Katsina. Shekaranjiya wata dattijuwa daga wajen Ƙofar Marusa ta zo mani wurin aiki da leda cike da katin omeprazole duk an shanye, ta zazzage mani bisa tebur ta ce "ɗan nan shekara uku ke nan ina sha, da na bari kwana biyu sai ƙirjin ya kama da wuta, har kanwa nake jiƙawa." Na ce Hajiya an taɓa yi maki gwajin ƙwayar cutar? Ta ce wace ƙwaya kuma, ita dai an ce mata yaji ne da zama da yunwa.

Yaji da yunwa suna tada ciwon, gaskiya ne, amma manyan masu haddasa gyambon ciki biyu ne, wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori da kuma yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da 'yan acaɓa da leburori ke haɗiya kamar gyaɗa. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar a 1982, aka ƙi yarda da su har sai da Marshall ya sha ta da kanshi ya kamu, a 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Gwajin numfashi shi ne abin da nake son ku sani. Ba allura ba a zura maka tiyo, za ka zo da safe ba ka ci komai ba, a ba ka wani sinadari da ake kira yuriya, mai alamar da na'ura ke iya ganewa, ka sha, ka zauna ɗan lokaci bai wuce rabin awa ba sannan ka hura iska cikin 'yar jaka ko kwalba. In ƙwayar na cikin tumbinka za ta farfasa yuriyar, iskar da ta fito ta bi jini zuwa huhu, na'ura ta gan ta a numfashinka, shi ke nan. Mai juna biyu ta faɗa tun farko don gwajin iri biyu ne, a zaɓa mata wanda ya dace.

Inda mutane ke ɓata kuɗinsu shi ne shiri. Omeprazole da 'yan uwanshi sai an bar su sati 2 kafin gwaji, antibayotik kuwa sati 4, in ba haka ba ƙwayar ta lafa sakamako ya fito wai ba ka da komai alhali tana nan kwance. Gwajin jinin da aka fi yi a lab ni bai cika burge ni ba, yana iya nuna akwai ko da an kashe ƙwayar tuntuni, don haka in ka gama shan maganin kashe ƙwayar na kwana 10 zuwa 14 jira sati 4 ka sake na numfashi ko na bayan gida, kuma ba kowane lab ke da na numfashin ba, ka tambaya kafin ka biya kuɗin mota.

Akwai wani gwajin numfashin kuma na masu kumburin ciki da tusa da zawo in sun sha madara, shi yakan ɗauki awa 2 zuwa 3 ana hurawa. Wasunsu nono mai tsami bai cika damunsu kamar madarar gari ba, don haka kada ku yi saurin rabuwa da fura.

Amma dan Allah wanda ke aman jini, ko bayan gidanshi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci na maƙale mashi, wannan ya wuce hura jaka, asibiti zai nufa yau a leƙa cikin da kyamara.

Hajiya dai mun rubuta mata ranar dawowa a bayan katinta, kanwar ma na ce ta aje.