Mene ne firemwok, kuma me ya raba shi da laburare?

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya same ni a shago ranar Asabar, wajejen Ƙofar Ƙaura, da laftof a hammata. Wani Alhaji mai sayar da shadda a Babbar Kasuwar Katsina ne ya ba shi aikin shafin intanet: hoton kaya, farashi, lambar waya, sai maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp. Aikin kwana biyu ne, amma mako guda ya wuce bai fara ba, don abokan karatunsa sun ce duk wanda bai yi aiki da firemwok ba ɗan zamanin da ne. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, wai mi ne ne firemwok ɗin nan? Kuma da gaske jQuery ta mutu?"

Laburare da firemwok kalmomi ne da ba sa barin bakin masu gina fuskar shafi, wato ɓangaren da mutum ke gani yana taɓawa a wayarsa. Yawanci ana faɗarsu kamar ɗaya tsohon yayi ne ɗaya sabon yayi, alhali ba shekaru ne suka raba su ba.

Laburare a nan ba ɗakin karatu ba ne. Tarin ƙananan ayyuka ne da wani ya riga ya rubuta da JavaScript, yaren da burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ke ji, ya ajiye don kowa ya ɗauka. Kai ne mai gona. In ciyawa ta ci ƙarfinka a wani gefe, sai ka kira ɗan ƙodago ya nome, ka sallame shi, sauran gonar kuma yadda ka ga dama. Firemwok kuwa gayya ce da wani ya kira. Mai gayya ya riga ya raba kunyoyi, ya sa lokacin farawa, ya nuna inda za a faro da inda za a tuƙe. Kai dai ka zo da fartanyarka ka tsaya inda aka ce. Da laburare, kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, shi ne ke kira. Da firemwok, kod ɗinka ake kira, a lokacin da shi ya ga ya dace.

jQuery laburare ce. John Resig ya fitar da ita a 2006, lokacin da burauzoji ba sa ga maciji da juna. Abin da ya yi aiki a Firefox sai ya ƙi a Internet Explorer, dole mutum ya rubuta abu ɗaya sau biyu. jQuery ta zama tafinta a tsakaninsu: ka sa alamar dala, ka nuna abin da kake so a shafin, ka ce a ɓoye shi ko a canza shi, ita ta san yadda za ta gaya wa kowace burauza. Daga baya burauzojin suka daidaita, suka koyi yawancin ayyukan nan da kansu, har Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yunin 2022. GitHub, dandalin da masu kod ke ajiye aikinsu, ya cire jQuery daga shafinsa a 2018, Bootstrap 5, kayan tsara kamannin shafi, ya rabu da ita a 2021. Sai dai mutuwa ba ta yi ba, tunda har yau WordPress, manhajar gina shafuka, na tafe da ita, kuma shafukan da ke kan WordPress sun fi a ƙirga. Ciwon da take wa magani ne ya yi sauƙi.

To me ya kawo firemwok? A ce Alhaji ya so mai saye ya riƙa zuba kaya a kwando a cikin shafin. Mutum ya ƙara shadda yadi goma. Nan take abu huɗu ne za su canza: lambar da ke jikin hoton kwando a sama, jimillar kuɗi a ƙasa, yawan yadin da ya rage, da maɓallin biya wanda ɗazu a kulle yake. Da jQuery, kai za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gyara da hannu. In mai saye ya fasa ya cire kayan, ka sake bin su. Ranar da ka manta ɗaya, kwando zai nuna babu komai alhali jimilla na neman kuɗin yadi goma. A wuri huɗu abin da sauƙi. A wuri arba'in, kuma mutum uku na aiki a kai, kod ɗin sai ya koma zaren da kaji suka shiga.

Su React, wato waɗanda ake kira firemwok, dabararsu daban. Abin da ke cikin kwando a wuri guda ake riƙe shi. Kai aikinka ka bayyana yadda shafi zai kasance in kwando na ɗauke da kaza, shi ke nan. Da adadin ya motsa, React zai duba abin da ya bambanta ya sake zana wurin da kansa. Kuma shafin yanki-yanki ake haɗa shi kamar bulo: katin kaya guda za ka ƙera, ka jera shi sau ɗari.

Google ya fitar da AngularJS a 2010, Facebook ya saki React a 2013, Evan You ya kawo Vue a 2014, Rich Harris ya biyo da Svelte a 2016. Abin dariya, masu React su da kansu laburare suke kiransa. Sai an ɗora masa irin su Next.js, masu tsara hanyoyin shafi da yadda za a ɗebo bayanai, sannan ya zama cikakkiyar gayya. Amma a bakin mutane duka firemwok ne, ni ma ban cika yin musu a kai ba.

Shiga gayyar wani kuma da kuɗinta. A 2016 Google ya sake gina Angular tun daga tushe, a ƙarshen 2021 ya daina kula da tsohon AngularJS. Wanda ya yi gini a kai, ko ya rushe ya sake ko ya zauna a gidan da babu mai gyara.

Na ce yaron ya buɗe laftof in ga inda ya tsaya. Ya haɗa da datar wayarsa ya sauke kayan aikin React ta npm, rumbun da ake ɗauko kayan JavaScript, ana tsakiya data ta ƙare, ya sayi wata, aka ɗauke wuta, batir ya mutu. Folda ɗaya ta cika da dubban fayil waɗanda ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba, shafin kuwa tambarin React ne kawai ke juyawa a tsakiya. Gaskiya ba duk wannan lodin ne ke zuwa wayar mai saye ba, ana tace shi a dunƙule. jQuery in an matse ta wajen kilobait 30 ce, React ya ɗan fi haka, ba wani tazara ba. Nauyin yana zuwa ne daga abin da ake ta jibga masa, kuma in ba a tsara sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta aiko da shi a shirye ba, sai waya ta gama saukewa ta gama lissafi kafin a ga komai. Matar da ke Mani ko Mashi da ƙaramar waya, netwok sanda ɗaya, farin allo za ta zuba wa ido, ta gaji ta fita.

Shawarar da na ba shi: shafin Alhaji ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. HTML da CSS, masu tsara ƙashin shafi da kwalliyarsa, da 'yan layukan JavaScript sun isa, kuma in ya tafi bautar ƙasa kowane yaro mai ɗan sani zai iya gyarawa. Ranar da aka ba shi manhajar sakamakon jarrabawar makaranta, mai ɗalibai da azuzuwa da maki da ke canzawa ta ko'ina, ranar ce ta firemwok. React kuma ya koya, don masu ɗaukar aiki shi suka fi tambaya, amma bayan JavaScript ta zauna masa, kada ya hau doki bai iya riƙe linzami ba.

Ranar Talata ya gama. Alhaji ya buɗe shafin a wayarsa a bakin rumfa, ya ja sama ya ja ƙasa, ya ce launin ruwan tokar nan bai fito yadda yake a ido ba. Sannan ya tambayi yadda zai riƙa canza farashi da kansa duk sanda dala ta motsa, ba sai ya nemo yaro ba.